Karkatacciyar Dalmar Malam Ja-Numfashi

Haihuwa da nasaba

An haifi marigayi, wanda ma'aikatan asibiti da marasa lafiya suka fi sani da laƙabin Malam Ja-Numfashi, a cikin watan Maris na shekarar 1957, a wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa ke tsayawa sau biyu a mako ya sha ruwa ya wuce. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, yana da ɗan teburi mai murfin gilashi a ƙofar tasha, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi a cikin gida. Shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya shida. Tun yana ƙarami mahaifin ya hore shi da wata tarbiyya guda: idan aka kawo agogo, ba a yarda a kai masa sukudireba ba sai an kara shi a kunne, an faɗi ciwonsa tukuna, sannan a buɗe a ga ko an dace.

A shekarar 1967 mahaifiyarsa ta kamu da tari wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Bayan shekara biyu aka kai ta babban asibitin lardi, aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka ce a dawo bayan wata guda, domin likitan da ke duba hotuna shi kaɗai ne, hotuna kuma sun yi masa tsibi. Ba ta kai watan ba. Takardar da ta tabbatar da cewa tarin fuka ne, cutar da ake da maganinta a wannan asibitin, ta fito ne kwana tara bayan an binne ta. Marigayi yana da shekara goma sha biyu a lokacin, kuma shi aka aika ya karɓo takardar.

Neman ilimi

Ya shiga firamare a 1964, ya wuce sakandare a 1971, ya kammala a 1976 da sakamako mai kyau ƙwarai a fannin kimiyya. A shekarar 1977 ya sami takardar shiga makarantar koyon aikin likita, abin da ya ƙudurta tun ranar da ya dawo gida da waccan takarda. Sai dai a wannan shekarar ce idon mahaifinsa ya mutu, teburin agogo ya rufe, ga ƙanne biyar suna kallonsa. Karatun likita shekara shida ne, na ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji kuwa shekara biyu. Ya zaɓi na biyun, yana cewa na ɗan lokaci ne, idan ƙanne suka tasa zai koma. Bai koma ba. An sami takardar shigar a cikin akwatinsa bayan rasuwarsa, a lulluɓe cikin leda, ninkinta ya kusa rabewa.

Fara aiki

A watan Satumba na 1979 aka tura shi sashen hoto na wannan babban asibiti da aka taɓa kai mahaifiyarsa. Ɗakin yana ƙarshen wata doguwar baranda, da matakala biyu a ƙofarsa, da benci guda na jira, da ƙaramin ɗakin duhu inda ake wanke hoto a ƙarƙashin jan fitila. A nan ya yi kusan shekara talatin da takwas yana tsayar da mutane a gaban farantin hoto, yana tura kafaɗunsu gaba, yana cewa: “Ja numfashi. Riƙe. Saki.” Daga nan laƙabinsa ya samo asali, har ya kai ga ma'aikata da yawa ba su san sunansa na yanka ba.

Dokar aikin a fili take: mai ɗaukar hoto ba ya faɗin abin da ya gani, nasa ɗauka ne, faɗa na likita ne. A 1981 ya karya ta. Wani birkila ya zo, marigayi ya wanke hotonsa, ya bi shi har bakin ƙofar asibiti ya ce masa kada ya jira mako uku, ya nemi likita a ranar. Birkilan ya rayu, ya kuma gina wa mutane gidaje shekara ashirin bayan haka. Marigayi kuwa takardar gargaɗi ya samu, mai sa hannun shugaban asibiti, wadda ta ce idan ya sake furta wata magana a kan lafiyar majinyaci, to, a bakin aikinsa. Mai rubuta wannan tarihi ta ga takardar da idonta, kuma har yau idan ta tuna sai ranta ya ɓaci. Daga wannan rana ya kama bakinsa.

Shekarun Likita Mai-Tabarau

A 1983 aka kawo wata likitar ƙirji, mace mai faɗa da tsantseni, wadda kowa ke kira Mai-Tabarau. Ita kaɗai ke duba hotunan lardin gaba ɗaya. Cikin 'yan watanni ta lura cewa duk hoton da ta tarar a saman tsibi na mai tsananin ciwo ne, sai dai masinja ya kan sake jera su bisa lamba kafin su iso teburinta, ya ɓata shirin. Ta sauko da kanta har ɗakin hoto ta tambayi wanda ke yi mata wannan zaɓe. Marigayi ya zaci wata takardar gargaɗin ce ta taho, ya fara ba da haƙuri.

Ya kamata a bayyana a nan cewa kowane hoton ƙirji sai an manna wa farantinsa wata 'yar dalma mai girman farce a kusurwa kafin a ɗauka, domin ta fito fari a hoton ta nuna ɓangaren dama. Ita ce Mai-Tabarau ta ɗauka daga kan teburi ta juya a hannunta, ta ce masa: “Malam, sun hana ka magana, na ji. To, duk wanda ranka bai kwanta da shi ba, karkata mini wannan kaɗan. Ban san dokar da ta hana dalma karkacewa ba.”

Haka aka yi shekara goma sha biyar. Kowace safiya ta kan bi kusurwar hotuna da yatsa, ta zare masu karkatacciyar dalma ta fara da su, mutumin da zai jira mako uku ya sami magani a kwana biyu. Babu wanda ya san wannan shiri sai su biyu. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, dalmar ana manna ta ne kafin a ɗauki hoton. Wato marigayi bai ga huhun ba tukuna. Mutumin kawai ya gani, tun daga hawansa matakala biyun nan har tsayuwarsa a gaban faranti. Ya sha faɗa wa iyalinsa cewa waɗannan su ne shekarun da ya ji daɗin aiki, ba tare da ya gaya musu dalili ba.

Aure da zuri'a

Ya yi aure a 1984, ya auri wata malamar firamare, wadda suka zauna tare har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu, a 1985 da 1987 da 1990, sai Auta a 1993. Uwargidan ta kan ba da labari, tana dariya, cewa ba a taɓa yin baƙo a gidan ba face sai ya ƙura wa ƙirjinsa ido yana ƙirga numfashi, har ta kan zungure shi ta ce: “Malam, gaisuwa mutumin nan ya zo, ba hoto ba.” Waɗanda suka zo neman auren 'yarsa ma ba su tsira ba.

A 1990 ya faɗo daga babur, haƙarƙarinsa biyu na hagu suka karye, suka kuma haɗe a ɗan karkace. Hoton wannan karaya ya kawo gida ya maƙale a jikin tagar falo, da shi ya koya wa yaran ƙirga haƙarƙari. Auta ce ta fi kowa tsayuwa a gabansa, kuma ita ce ta fi kowa tambaya.

Shekarun shiru

Mai-Tabarau ta yi ritaya a 1998, ta rasu a 2001. Da sabon likita ya kama aiki, marigayi ya sa rigarsa mai guga ya hau bene domin ya bayyana masa shirin. Bai kai ƙarshen jimla ta biyu ba likitan ya tambaye shi wace makarantar likita ya yi. Wanda ya biyo bayansa kuwa ɗan rubutu ya aiko, cewa mai ɗaukar hoto ya riƙa daidaita dalmarsa, aikin ya yi kama da na ganganci. Ganganci, jama'a, ga mutumin da ko filasta ba ya yanka a karkace!

Duk da haka bai daina ba. Shekara goma sha tara yana karkata dalma ga duk wanda ransa bai kwanta da shi ba, yana sane sarai cewa babu mai dubawa. Ko da aka rufe ɗakin duhu a 2011 aka kawo injin da ke aika hoto kai tsaye cikin kwamfuta, wanda ma yana iya sa alamar da kansa, ya dage sai da dalmarsa. Mai wannan rubutu ta fara aiki a ƙarƙashinsa a 2006, ta daɗe tana zaton tsufa ne ya sa hannunsa rawa. Ta taɓa miƙa hannu za ta gyara masa, ya riƙe hannunta ya ce: “Bar ta, 'yata. Wataƙila wani ya duba.” Da yamma, idan an tashi, ya kan ɗan tsaya a ƙasan bene ya kalli tagar ofishin da Mai-Tabarau ta zauna, sannan ya tayar da babur. Ya yi ritaya a watan Maris na 2017.

Binciken Auta

A shekarar da ya yi ritaya Auta, wadda ta karanta ilimin kwamfuta, ta tafi wata ƙasa mai nisa neman digiri na biyu da na uku. Tun daga ranar ya ɗauko tsohon agogon mahaifinsa ya saita shi da lokacin ƙasar da take, ya ɗaura a hannun dama, nasa na hagu yana nan. Idan aka tambaye shi lokaci ya kan ce: “Na nan ko na Auta?” Annoba ta zo ta rufe hanyoyi, bayanta kuma takardun zamanta suka zama irin waɗanda idan ta fita, komawa sai an yi da gaske. Shekara shida bai sa ta a ido ba. Kewarta ta dame shi, kowa a gidan ya sani, amma bai taɓa ce mata ta dawo ba, domin ya san abin da ake ji idan an bar karatu a tsakiya.

Bincikenta a kan manhajar da ke koyo daga misalai ne: a nuna mata dubban hotunan ƙirji, a ce mata wannan na mai tarin fuka ne, wannan na lafiyayye, har ta iya bambancewa da kanta, domin amfanin asibitocin da ba su da likitan duba hoto. A 2019, da izinin asibiti, aka cire sunaye daga hotuna dubu talatin da ɗaya na sashen, aka haɗa kowanne da sakamakon gwajin kaki, aka aika mata, aka kuma yi yarjejeniyar ci gaba da aika sababbi duk ƙarshen wata. A 2021 manhajar ta kai ga dacewa sau casa'in da huɗu a cikin ɗari, malamanta suka yi ta murna. Da aka gwada ta da hotunan wasu ƙasashe biyu, sai ta faɗo sittin da ɗaya.

Wata takwas Auta tana neman inda matsalar take. A ƙarshe, a watan Fabrairu na 2022, ta sa manhajar ta shafa jan launi a wurin da ta fi dogara da shi a kowane hoto. Jan bai sauka a huhu ba. A kusurwa ya taru, a kan dalma. Manhajar ba cuta ta koya ba, hannun mahaifinta ta koya.

Ta kira shi da hantsi, uwargidan tana zaune a gefe tana ji. Auta ta ce: “Baba, me ya sa dalmarka take karkacewa?” Sai ya ba ta labarin Mai-Tabarau. Ta fashe da kuka ta ce: “Baba, aikin shekara uku fa ka rusa mini!” Ya ce: “Ki yafe mini, Auta. Wallahi ban san akwai mai kallo ba.” Ta kashe wayar. Kwana huɗu bai ci abincin kirki ba.

A rana ta biyar ta sake kira. Ta ce ta zauna ta ƙirga, a cikin duk mutum goma da ya karkata wa dalma, gwajin kaki ya tabbatar da takwas. Sannan ta ce: “Amma Baba, ai kafin a ɗauki hoton kake mannawa. Yaya kake ganewa?” Uwargidan ta ce ta ga ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya goge ido da bayan hannu. Shekara ashirin da huɗu ke nan rabon da wani ya so jin abin da yake gani. Ya yi magana awa biyu ba tsayawa.

Daga nan kowace Asabar da safe sai su yi waya, tana ɗaukar muryarsa. Ya gaya mata yadda mai ciwon ke hutawa a tsakanin matakala ta farko da ta biyu; yadda wuyan riga ke yi masa yawa alhali rigar ba aro ba ce; yadda yake tsayar da tari da hannu a gefe guda na ƙirji; yadda ba ya iya riƙe numfashi har a ƙirga huɗu. Ta juya bincikenta gaba ɗaya: kashi na farko gargaɗi ga masu gina irin wannan manhaja, kashi na biyu kuwa jerin alamomi tara da ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai iya dubawa tun daga ƙofa. Ya kan yi wanka ya sa riga mai guga kafin wayar, ko da yake ba ganinsa take yi ba.

Rashin lafiya

A tsakiyar 2023 ya fara rama. Ranar 14 ga Satumba ya zo sashen hoto da takarda a hannu, ya zauna a benci ya bi layi, ya ƙi yarda a shigar da shi gaba. Mai wannan rubutu tana kallo ya huta a tsakanin matakala ta farko da ta biyu. Kafin ya cire riga ya sa ta yi masa alkawari cewa ba za ta gaya wa Auta komai ba, haka ya sa uwargidan da sauran 'ya'yan suka yi. Saura wata bakwai Auta ta kare bincikenta a gaban malamanta, ya ce, kada wanda ya taɓa mata karatu.

Mai wannan rubutu ta manna dalmar da ya bar wa sashen, ta daidaita ta sosai, ta koma bayan gilashi. Tana ɗaga ido sai ta ga ya miƙa hannu kusurwar faranti ya karkata ta da ɗan yatsa. Ya fi kowa sanin inda hotunan sashen ke zuwa a ƙarshen wata. Bai dube ta ba, ita ma ta bar dalmar yadda ya sa ta. Ta ce masa ya ja numfashi ya riƙe, bai kai uku ba ya saki. Likitoci suka tabbatar da cewa kansar huhu ce, kuma ta yi nisa.

Hotunan Satumba sun isa wurin Auta ranar 3 ga Oktoba, su ɗari huɗu da wani abu, babu suna ko ɗaya. Tun bayan abin da ya faru ta saba fara duba kusurwa, kuma ba ta taɓa ganin karkatacciyar dalma a hoton da aka ɗauka bayan ritayarsa a 2017 ba. Ta ga guda. Ta buɗe hoton, ta ga haƙarƙari biyu na hagu da suka haɗe a karkace, waɗanda ta ƙirga a jikin tagar falo tun ba ta iya rubutu ba. Ba ta kira kowa ba, ba ta kuma tsaya jiran takardun komawa ba. Ranar 8 ga Oktoba da la'asar ta yi sallama a ƙofar gida.

Yana kishingiɗe a falo. Ya dube ta, ya dubi 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya ya ce: “Wa ya gaya mata?” Ta durƙusa ta kama hannunsa ta ce: “Kai ka gaya mini, Baba.” Sai ya ce: “Ashe kin duba.” Ya kwance agogon hannun dama ya miƙa wa uwargidan ya ce ta mayar da shi lokacin gida.

Rasuwa

Auta ta yi jinyarsa mako goma sha ɗaya, tana karanta masa babin binciken da ke ɗauke da alamominsa tara, yana gyara mata; ya sa ta sauya jerin biyu daga ciki, ya ce ba haka suke zuwa ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 26 ga Disamba, 2023, da hantsi, yana da shekara sittin da shida. An yi masa sutura a wannan rana bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan asibitin. Cikin waɗanda suka ɗauki makararsa har da 'ya'yan birkilan nan na 1981.

A watan Afrilu na 2024 hukumar asibiti ta fitar da umarni a rubuce cewa mai ɗaukar hoto yana da ikon sa alama ga majinyacin da yake ganin na gaggawa ne, kuma wajibi ne likita ya fara da shi. A watan Yuli binciken ya fito a mujallar masana da sunaye biyu, nasa a gaba. Bai ga ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babban, malamin sakandare, mai bi masa, ungozoma, na uku, mai gyaran injinan asibiti, sai Auta, wadda ta kare bincikenta a gaban malamanta ta intanet daga falon gidansu, ba ta koma ba. Ya kuma bar jikoki bakwai. Dalmar tana nan a sashen hoto, a hannun mai wannan rubutu, kuma a makon da ta kammala wannan tarihi ta karkata ta sau uku, duka ukun an duba su a ranar. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya sada shi da mahaifiyarsa cikin rahama.